Linzami mara waya ba ya shan data

Da yawa sun ɗauka sai da intanet linzamin kwamfuta (mouse) ko allon madannai mara waya ke aiki. Ina! Kai tsaye suke magana da kwamfuta ta siginar rediyo ta 2.4GHz, ko dai ta Bluetooth ko ta ɗan abin nan da ake sokawa a ramin USB. Kashe Wi-Fi ka gani.

In linzami ya fara tsayawa, fara duba batir, sannan nisa, don bayan kamar mita 10 sigina kan raunana. Wanda aka fi mantawa shi ne ramin USB 3.0, galibi mai shuɗin ciki: hayaniyar siginarsa kan danne ta 2.4GHz. Mayar da ɗan abin ramin USB 2.0, ko ka nisanta shi da gajeriyar wayar ƙari.