Waiwaye: Yankari da mai gadinsa na asali

Kowace kaka sai maganar ta dawo. Giwaye sun fito daga gandun dajin Yankari sun tattake dawa da masara a ƙauyukan Alkaleri, an kama garken shanu a tsakiyar gandun, ga kuma raɗe-raɗin 'yan bindiga a dazuzzukan da ke gefe. Daga nan sai muhawara ta kaure a rediyo da Facebook. Wani ya ce a mayar wa gwamnatin tarayya, wani ya ce a damƙa wa 'yan kasuwa, wani ya ce a kewaye shi da waya kowa ya huta. Kowa na magana kamar shekaranjiya abin ya faro.

Tarihin da aka saba bayarwa gajere ne. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Disamba na 1962. Ya koma hannun tarayya a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kogin Gaji ya ratsa shi. Duk wanda makarantarsu ta taɓa kai shi yawon buɗe ido ya san sauran: ruwan Wikki mai ɗumi garau har kana ganin yashin ƙasa, gadu na kiwo a bakin ɗakunan kwana kamar akuyar gida, da gwaggon birin da ke fizge burodi a hannun yaro. Ni nawa da ledarsa ya tafi.

Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, me ya sa a 1956 aka samu daji mai wannan girma babu gari a cikinsa? Ai ba don ƙasar ba ta zaunuwa ba ne. Rijiyoyin Dukkey, da kogwannin da aka sassaƙa a jikin dutse, da tsoffin matoyan tama na Shau Shau, duk shaida ne cewa mutane sun zauna, sun yi sana'a, suka watse. Hare-haren neman bayi sun taimaka wajen watsa su. Amma wanda ya hana a dawo da dabbobi a cika wurin, ƙudan tsando ne.

Tsando ne ke ɗauke da sammore. Ɓauna da gadu da mazo suna yawo da ƙwayar cutar a jininsu ba ta kayar da su, amma farar saniya in ta daɗe a inda yake sai ta rame, ta zubar da ciki, ta mutu. Don haka Bafulatani ya san iyakarsa ba tare da an kafa masa allo ba. Da rani ya gangaro ya raɓa gefe, damina na faɗuwa ya ja dabbobinsa ya yi arewa. Inda shanu ba sa zama kuwa babu taki, babu garmar shanu, noma ba ya wuce abin da fartanya za ta iya. Ba gandun kaɗai ba, har ƙasar da ta kewaye shi mai nisan gaske haka take: marke da kawo da maɗobiya, gamba ta fi mutum tsawo, ƙauyuka jefi-jefi. Giwa kan fita ta yi tafiyarta ta dawo ba ta taka gonar kowa ba.

Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa ƙarshen na 1970 aka yi gagarumin aikin feshin kashe tsando a arewacin Najeriya, musamman arewa maso gabas, ana bin kurmin bakin rafuka ɗaya bayan ɗaya. Ƙasar da aka raba da ƙudan ta kai kimanin murabba'in kilomita 200,000. Aiki ne na alheri, kuma makiyayi da manomi sun ci moriyarsa. Allurar sammore ita ma ta wadata a kasuwannin ƙauye, har mai shanu ya iya yi wa dabbarsa da kansa ya kutsa inda kakansa bai taɓa kusanta ba. Cikin Yankari tsando na nan har yau, duk wanda ya shiga motar zagaya daji ya sha cizonsa. A wajen iyaka ne ya ja da baya, kuma duk daji da aka sare aka yi gona, ƙudan ba ya sake samun inuwar komawa.

Sai fari ya biyo baya, na 1973 da na 1984, ya koro mutane da dabbobi daga can arewa zuwa inda ake samun laima. A 1983 ciwon bushiya ya yi wa shanu mummunar ɓarna, bai bar ɓaunar daji ba. Waɗanda suka yi asarar garke da yawa suka kama noma, suka zauna. Burtali ya ƙuntata, makiyaya ta zama gona, gona ta matso har ta jingina da layin gandun. Makiyayin da ya rasa ciyawa a watan Maris, ya hango koren fadamar Gaji, ba sai an yi masa jagora ba.

Raƙumin dawa da kyarkeci sun daɗe da ɓacewa daga Yankari. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta samu giwaye kusan 350, sannan farashin haure ya tashi a duniya, mafarauta suka far musu. Yanzu ana ƙiyasta tsakanin 100 da 150 suka rage, zakuna kuwa 'yan ƙalilan. Sintirin ma'aikatan daji ya ƙarfafa tun 2014, kisan giwaye ya ragu sosai. Sai dai waɗanda suka tsira suna bin hanyoyin da iyayensu mata suka nuna musu, kuma a kan hanyoyin nan yau masara ce a shuke.