Yaron da ba ya waiwayowa in an kira shi: tambayoyi da amsoshi kan horar da ma'aikatan lafiya a Gombe

Duk wanda ya taɓa leƙa asibitin unguwa a Gombe ranar rigakafi ya san yadda abin yake: mata a jere kan benci, kowacce da goyonta da kati a hannu. A ɗora yaro kan sikeli, a auna dantsensa, a yi masa allura, a kira ta gaba. Ana lura da nauyi, ana lura da tamowa, amma da wuya ka ji an tambayi uwa ko ɗanta ya fara nuna abu da yatsa. Kan wannan giɓin ne maganar horar da ma'aikata su gane alamomin otizim da jinkirin girma tun da wuri ta taso.

Wai mece ce larurar da likitoci ke kira otizim?

Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro ke ginuwa, wanda ke shafar magana da cuɗanya da mutane. Za ka ga yaro kunnensa lafiya lau, amma a kira shi sau biyar ko gezau. Ba ya son haɗa ido. Yana iya wuni yana jera murafan kwalba, in aka taɓa ɗaya ya ɓarke da kuka. Ƙarar injin markaɗe kan sa ya toshe kunne yana ihu. Kafafen labarai sukan ce galahanga, sai dai an ɗora wa kalmar kaya da yawa, har ana kiran wasu larurori daban da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita, kuma an fi gano ta a maza. Gado na da babban kaso a ciki. Ba sakacin uwa ke kawo ta ba.

Duk yaron da bakinsa ya yi nauyi ita ke gare shi?

A'a. Jinkirin girma ya fi otizim faɗi nesa ba kusa ba. Doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi da wuri, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, tamowa, duk suna iya sa yaro ya makara wajen zama ko tafiya ko magana. Wani kuma kurumta ce kawai ba a gane ba, shi ya sa gwajin ji ke cikin abubuwan farko.

Me ya sa sai ma'aikatan asibitin unguwa, ba manyan likitoci ba?

Domin su uwa ke gani. Likitocin yara suna Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a shiyyarmu ta Arewa maso Gabas kuma yana Maiduguri. Matar da ke Nafaɗa ko Dukku ko Shongom ba za ta kashe kuɗin mota don yaron da ke ci yana sha yana gudu ba, musamman in kaka ta ce, "Ƙyale shi, ubansa ma sai da ya shekara huɗu bakinsa ya buɗe." Amma tana zuwa rigakafi: a haihuwa, a sati 6 da 10 da 14, a wata 9, sannan allurar ƙyanda ta biyu a wata 15. Matsalar ita ce alamomin otizim sun fi fitowa fili bayan nan. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a tantance a wata 18 da wata 24, lokacin da mu yaro ya riga ya gama da katin rigakafi. Don haka sai a koya wa ma'aikaci ya kama dama: ranar da aka kawo yaron da zazzaɓi, ranar ɗiga bitamin A, ko ranar da uwa ta kawo ƙaninsa shi kuma yana riƙe da zaninta.

To me ake koya musu?

Da farko matakan girma, da alamomin da ba a jira a kansu: yaro ya shekara ba gwalantu ba nuni, ya kai wata 16 ba kalma ko ɗaya, ya shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ko ya fara magana ta ɗauke. Sai kuma takardar tambayoyi da uwa ke amsawa don tantance otizim. Wadda ta fi shahara ita ce M-CHAT-R, mai tambayoyi 20 na e ko a'a, don yara 'yan wata 16 zuwa 30, kuma 'yan mintoci take ci. Maki 0 zuwa 2 ba abin damuwa. Maki 3 zuwa 7 sai a sake bin tambayoyin dalla-dalla tare da uwa. Daga 8 zuwa sama a tura yaro gaba ba tare da ɓata lokaci ba. Wurin da ya fi dacewa wannan darasi ya shiga shi ne tun ana ɗalibi, a makarantu irin kwalejin kiwon lafiya ta Kaltungo, ba a jira taron bita na kwana biyu ba.

Tambayoyin da aka tsara a Amurka za su yi aiki a gidan Bahaushe?

Nan ne nake ganin horon zai tsaya ko ya faɗi. Ɗauki tambayar "in kin kira sunansa yana waiwayowa?" A ce ɗan fari ne. Uwa tana alkunya, ba ta taɓa furta sunan ba, ga kuma uwar miji zaune a gefe. Za ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ban sani ba." Ma'aikaciyar da ta ƙware za ta ce, "To Maman yaro, da wane suna ake kiransa a gida? Wa ya fi raino, ke ko Iya ko yayarsa?" Sau da yawa 'yar shekara tara da ke goyonsa ta fi kowa sanin amsar. In sunan mahaifin miji ya ci, sai a gwada da Abba ko Baffa ɗin da ya saba ji.

Haka tambayar wasan kwaikwayo. In aka ce "yana wasa da kayan wasa?" uwa za ta ce ba su da su. A tambaye ta ko yarinya na goya takalmi ko ɗan kara a baya, ko tana tuƙa tuwon ƙasa a gwangwani, ko yaro na kanga silifa a kunne wai yana waya. Amsa za ta fito nan take.

Sai batun harshe. Gombe gari ne na Fulatanci da Tangale da Tera da Waja da Bolanci, yaro ya taso yana jin biyu ko uku. Wannan ba ya kawo otizim, kuma bai kamata a fake da shi a ce "harsuna ne suka yi masa yawa" ba. A ƙirga kalmominsa a duk harsunan a haɗa.

In maki ya yi yawa, an tabbatar ke nan?

Ko kaɗan. Tantancewa rairaya ce, ba hukunci ba. Da yawa daga yaran da takardar ta nuna, wani jinkirin ake samu a tare da su, ba otizim ba. Tabbatarwa aikin ƙwararren likita ne. Shi ya sa dole horon ya haɗa da iya magana. Kalma ɗaya da aka saki a gaban layi na iya bin yaro har gida, a fara ce masa taɓaɓɓe ko ɗan ruwa, a zargi uwa, wani lokaci har aure ya girgiza. A keɓe, a ce: "Akwai abubuwan da ɗanki bai fara yi ba, muna so likita ya ƙara dubawa." A rubuta takardar turawa, a kuma nemi ganin maigida, tunda izini da kuɗin mota a hannunsa suke. Mai son yin addu'a da ruƙiyya ba a hana shi, sai dai a roƙe shi ya haɗa da asibiti.

Gaskiya ne allurar rigakafi ke kawo otizim?

Ba gaskiya ba ne. Rahoton da ya haifar da jita-jitar ya fito a wata mujallar likitoci ta Ingila a 1998, mujallar ta janye shi a 2010, likitan da ya jagorance shi kuma aka soke lasisinsa. Alamomin ne ke bayyana a shekarun da ake allurar, shi ya sa ake danganta su.

Tunda ba ta da magani, mene ne amfanin ganowa da wuri?

Babu ƙwayar da ke warkar da ita, amma ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro icce ne ɗanye. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin koyar da masu raino na yara 'yan shekara 2 zuwa 9, zama 9 a rukuni da ziyarar gida 3, wanda ma'aikacin da ba likita ba zai iya gudanarwa. Abin da ake koya wa uwa a tsakar gida ake yinsa: ta durƙusa daidai idon yaro, ta bi wasan da shi ya zaɓa, ta riƙe kofin kunu ta ɗan dakata har ya miƙo hannu ko ya yi sauti, sannan ta ce "kunu" ta ba shi. In kuma kurumta ce ko farfaɗiya ko tamowa, waɗannan akwai abin da asibiti zai yi a kansu tun ranar da aka gano.