Ma'anar Feshin Rina Fata da Yadda Yake Haɗuwa da Lalle

Feshin rina fata, wanda masu gyaran jiki ke kira sifire tan, hanya ce ta ƙara wa fata duhu na ɗan lokaci, inda ake fesa wa jiki wani ruwa da ƙaramar na'ura mai kama da ta masu fentin mota, ba sai mutum ya shanya kansa a rana ba. Daga Amurka da Turai abin ya fito, inda fararen fata ke sha'awar jikinsu ya yi ruwan ƙasa. A Kano, inda kasuwar man bilicin ta fi ci, bai zama ruwan dare ba, amma masu bibiyar hotunan amare a Instagram da TikTok sukan ci karo da shi tare da zanen lalle, shi ya sa ake tambayar ko biyun suna haɗuwa a jiki ɗaya.

Sinadarin da ke cikin ruwan ana kiransa DHA, wani nau'in sukari ne marar launi da ake samarwa daga tsirrai irin su rake. A shekarun 1950 wata mai bincike a Jami'ar Sinsinati da ke Amurka, Eva Wittgenstein, ta lura yana mayar da fatar yaran da take ba su shi a matsayin magani ruwan ƙasa a duk inda ya zuba, kuma a 1960 kamfanin Coppertone ya fitar da man shafawa mai ɗauke da shi. Idan ya sauka a jiki, yakan haɗu da furotin ɗin matattun ƙwayoyin da ke saman fata, sai launi ya fara fitowa bayan 'yan sa'o'i, ya kai kwana 5 zuwa 10 kafin ya gushe. Ga baƙar mace ko wankan tarwaɗa, abin da yake yi bai wuce daidaita launin jiki da ƙara masa sheƙi ba. Ba ya kuma kare fata daga zafin rana, kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi ne don shafawa a waje kawai, ban da ido da leɓe da shaƙa.

Lalle ma a wannan shimfiɗar ta saman fata yake aiki. Ganyensa na ɗauke da sinadarin loson, wanda ke kama furotin ɗin fata da farce, shi ya sa idan aka kwance ƙunshi ake ganinsa ruwan lemo, sai bayan kwana ɗaya ko biyu ya nuna ya yi jajir, sannan ya ɗauki mako 1 zuwa 3 yana kodewa. Tunda rini biyu ne ke neman wuri guda, wanda aka fara da shi yana da tasiri a kan abin da za a gani. Idan feshi ya riga, maiƙo da launin wucin gadi da ke cikinsa sukan hana lalle kamawa sosai, kuma duk mai ƙunshin da ta san aikinta za ta goge hannun amarya kafin ta fara zane, wanda hakan zai bar tabo a feshin. Idan kuma da salatif za a fitar da zanen jan lalle, kamar yadda aka saba a gidajen biki, cire shi kan ɗago saman fatar ya tafi da launin a layi-layi.

Saboda haka tsarin da ya fi dacewa shi ne a gama dilka da halawa tukuna, domin su biyun suna kankare matacciyar fata, kuma duk rinin da suka tarar sai sun tafi da shi. Bayan nan a yi ƙunshi, a bar shi kwana biyu ya nuna, sannan a yi feshin, a shafa man kariya a tafin hannu da tafin ƙafa da kan zanen. Tafin hannu da na ƙafa suna da kaurin fata, dalilin da ya sa lalle ya fi kamawa a nan, kuma dalilin da ya sa feshi ke yin duhu marar kyau idan ya taɓa su. A ganina, ko an bi wannan tsari, zanen fulawa mai siririn layi a bayan hannu zai rage fitowa, domin kyan lalle yana ga bambancinsa da fatar da ke kewaye da shi, feshin kuwa rage wannan bambancin yake yi.

Wannan ne ke tura wasu ga baƙin lalle, kuma nan ne ya kamata a yi hattara, domin galibinsa rinin gashi ne mai ɗauke da sinadarin PPD, wanda kan jawo ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa, wani lokaci ya bar tabon zanen a fata na tsawon watanni.

Akwai kuma batun ruwa. Bayan feshi ana buƙatar sa'o'i 6 zuwa 8 ba tare da ruwa ko gumi ya taɓa jiki ba, abin da ke da wuya da rana ga mai alwala, sai dai a yi shi bayan sallar Isha'i a wanke kafin Asuba. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa maki 40, gumi kaɗai ya isa ya bar zirin launi a wuya da bayan gwiwa, da hunturu kuma bushewar fata kan sa rinin biyu su kode da wuri idan ba a yawaita shafa mai ba. Wuraren alwala, wato fuska da hannu zuwa gwiwar hannu da ƙafa, su ne za su riga sauran jiki yin haske, kuma a nan ne zanen lallen yake.