Don Allah a daina shigo da dutsen zinare cikin gida

Har yanzu ana kawo mana yara asibiti suna jijjiga, ido ya kafe, an sha rubutu an sha maganin zazzaɓi babu sauƙi. Idan na tambayi uwar ko ana daka dutse a gidan, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗan kaɗan ne, Malam." Ɗan kaɗan ɗin nan ne ke kwantar mana da yara.

Jama'a, mun manta da 2010 ne? Gubar dalma da ke cikin dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Dareta, Abare, 'Yargalma, Bagega, duk mun san gidajen da aka yi makoki. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Amma yau ga buhun dutse jingine a zaure, ga turmi a tsakar gida, wani lokacin ma turmin da ake surfen gero da shi. Haba!

Ita dalma manne wa ƙasa take yi, musamman ƙasa mai laka, ta zauna a saman nan da yaro ke rarrafe. Ba ta ruɓewa. Damina ta zo ta wuce tana nan, abin da ruwa ya kwasa kuma ya kai shi kududdufin da dabbobi ke sha. Tafasa ruwa ba ya fitar da ita. Shi ya sa sai da aka kankare ƙasar gidaje aka binne ta, aka zuba sabuwa, kafin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF su ba yaran magani, don in yaro ya koma gidan da ke da guba aikin banza ne. Gidan da aka sha wannan wahala aka gyara, buhu ɗaya ya isa ya mayar da shi gidan jiya.

Na san talauci ne. Ban ce kowa ya bar sana'arsa ba, da ita ake cefane. Amma dutsen ya tsaya a daji. Yaron da ya tsira ma sau da yawa ƙwaƙwalwarsa ta taɓu ke nan, karatu ya gagara, kuma wannan ba ya gyaruwa.

To ga shi a taƙaice. A niƙa dutse a wajen gari, a jiƙa shi don ƙura ta kwanta. Maigida ya yi wanka ya sauya kaya da takalmi kafin ya shigo, kada ya ɗauki yaro da kayan aiki a jikinsa. Buhun dutse kada a zuba hatsi a ciki. A wanke wa yara hannu kafin cin abinci. Mai ciki da mai goyo su nisanci wurin niƙa. Yaron da ke yawan amai, ciwon ciki ko kasala, a kawo mana shi tun bai fara jijjiga ba, kuma a faɗa mana gaskiya in ana daka dutse a gidan.