Me ake nufi da "bambancin ƙwayoyin gado"? Misalin kifin salmon

Idan masana suka ce wani jinsi yana da bambancin ƙwayoyin gado, suna nufin 'ya'yansa ba abu ɗaya suka gada daga iyaye ba. Wannan ya gaji jure sanyi, wancan saurin girma, wani kuma cuta ba ta kayar da shi da wuri. Ranar da annoba ta sauka, ba duka take kwashewa ba.

Kifin salmon na Tekun Atlantika ya fi kowa fito da wannan ma'ana fili. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi shekara ɗaya ko fiye, sannan ya bi ƙamshin ruwa ya koma kogin da ya fito don yin ƙwai. Tunda kusan kowa gida yake komawa aure, sai kowane kogi ya zama da zuri'arsa. Kogin Tana kaɗai, da ke iyakar Norway da Finland, yana ɗauke da zuri'a kusan 30 a rassansa.

Yawancin waɗannan zuri'o'i ba su daɗe ba. Ƙanƙara ce ta lulluɓe arewacin Turai da Kanada, sai da ta narke kimanin shekara 10,000 da suka wuce kifayen suka samu shiga kogunan. Rabuwar na Turai da na Arewacin Amurka kuwa ta kai ɗaruruwan dubban shekaru, har kuromozom ɗinsu, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin ƙwayar halitta, ya sha bamban: na Turai tagwaye 29, na Amurka galibi 27.

Norway ta ga amfanin wannan bambanci da idonta, kuma da tsada. A shekarun 1970 wata 'yar mitsitsiyar tsutsa mai suna Gyrodactylus salaris ta shigo ƙasar a jikin 'ya'yan kifin da aka kawo daga Sweden. Kifin yankin Tekun Baltik ya daɗe da zama da ita, yana iya jure ta. Na Norway bai taɓa saninta ba, ta yi masa ɓarna a koguna kusan 50, har sai da aka zuba guba a wasu kogunan aka kashe kifin gaba ɗaya don a raba su da ita.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne kifin kiwo. An zaɓe shi ne don ya yi nama da sauri a keji, ba don ya rayu a kogi ba. Idan ya kuɓuce ya haɗu da na daji, 'ya'yansu ba sa kai na asali rayuwa, kuma halin da kogin ya yi dubban shekaru yana tacewa sai ya riƙa surkuwa. Ana iya ƙirga kifi a ga yawansa bai ragu ba, alhali zuri'ar tana salwanta. Tun 1986 Norway ke daskarar da maniyyin kifin daji tana ajiyewa, kowane kogi da nasa, don in zuri'ar wani kogi ta ƙare a maido masa da tasa.