Amfani da rajistar masu zaɓe a binciken jami'a: tambayoyi da amsoshi

Me rajistar masu zaɓe za ta iya faɗa wa mai bincike?

Tana nuna wanda ya yi rajista da rumfar da aka ajiye sunansa, da hotonsa, jinsinsa, shekarunsa da lambar katinsa. Wanda mutum ya zaɓa kuwa babu shi a ciki, domin ƙuri'a sirri ce. Kafin zaɓen 2023, INEC ta ce mutum 5,921,370 ne suka yi rajista a jihar Kano, Legas ce kaɗai ta fi ta. Sai dai ba a iya cire sunan duk wanda ya rasu ko ya tashi daga unguwa, don haka kada a ɗauki adadin a matsayin yawan manyan da ke raye a wurin.

Ina ake samun bayanan?

Sakamakon kowace rumfa yana kan fom EC8A, kuma INEC na ɗora hotonsa a IReV, shafinta na intanet na duba sakamakon zaɓe. Na mazaɓa yana kan EC8B, na ƙaramar hukuma EC8C. Abin da ba a wallafa ba, a rubuta wa ofishin INEC na Kano a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta ba da amsa. A haɗa da wasiƙar sashen da mai binciken yake a jami'a, a faɗi zaɓen da shekararsa da ƙaramar hukumar dalla-dalla. Zaɓen ƙananan hukumomi kuwa na KANSIEC ne, hukumar zaɓe ta jihar Kano, can za a nufa.

A ina aikin ya fi lalacewa?

Wajen kwatanta 2019 da 2023. A 2021 INEC ta ƙara rumfuna daga 119,973 zuwa 176,846 a faɗin ƙasa, aka rarraba masu cunkoso. Rumfa ɗaya a Dala ko Fagge tana iya zama biyu ko uku, tsohuwar ta riƙe lambarta, sababbin suka samu sabuwar lamba. Wanda ya jera lamba da lamba zai ga kamar jama'a sun ragu, alhali raba su aka yi. Gwara a tattara ƙuri'un a matakin mazaɓa, su 484 a ƙananan hukumomi 44 na jihar Kano, sannan a kwatanta.

Na biyu, abin da ke IReV hoto ne, wani a dishe, wani an soke lamba an rubuta wata a kanta. Mutum biyu su kwafe kowane fom daban-daban, a gwama, inda suka saɓa a koma kan adadin da aka rubuta da kalmomi. A kuma duba ko ƙuri'u masu kyau da waɗanda suka lalace sun haura adadin masu zaɓen da aka tantance a rumfar ranar zaɓe. Idan sun haura, a yi wa rumfar alama, kada a gyara da hannu.

Yaya ake lissafin fitowar jama'a?

Ana iya raba adadin waɗanda aka tantance da na masu rajista, ko da na waɗanda suka karɓi kati. Amsoshin sun bambanta, sai a bayyana wanda aka bi.

Sunayen mutane fa?

Nan ne abin ya fi buƙatar tsoron Allah. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa ra'ayin siyasa cikin bayanai masu tsananin sirri. A cire suna, hoto da lambar kati tun kafin a fara nazari, a kulle fayil ɗin da kalmar sirri, kada a tura shi a WhatsApp. Rumfar da ke da masu zaɓe ƙalilan, a haɗe ta da maƙwabciyarta kafin a wallafa, domin a unguwa kowa ya san kowa.