Wasannin kwamfuta na kyauta a kan Linux da danginta

Wasannin kwamfuta na kyauta, waɗanda matasa suka fi kira gem, rukuni ne na wasannin da ake saukewa ba tare da biyan ko sisi ba, kuma aka gina su don su yi aiki kai tsaye a kan buɗaɗɗun manhajojin gudanar da kwamfuta irin su Linux da FreeBSD. Ma'anar kai tsaye ita ce wasan yana magana da babbar manhajar ba tare da tafinta a tsakani ba. Akwai tafintoci kamar Wine, wanda aka fara a 1993, da Proton da kamfanin Valve ya fitar a 2018, masu sa wasannin Windows su yi aiki a kan Linux, amma waɗannan wani babi ne daban.

Kyauta iri biyu

Kalmar kyauta a nan tana da fuska biyu, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Akwai wasan da ba a biya kafin a buga, amma asalin rubutun manhajarsa na kulle a hannun kamfani. Dota 2 da Counter-Strike 2 irin wannan ne: suna aiki a kan Linux, sai dai suna son intanet mai ƙarfi da kwamfuta mai tsada. Na biyun shi ne wanda aka saki rubutun nasa ga kowa a ƙarƙashin lasisi irin GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989. Wannan lasisi ya halatta wa mutum ya kwafi wasan, ya raba wa abokai, ya buɗe cikinsa ya gyara, muddin zai bar wa na bayansa irin wannan damar. Na farkon aro ne, mai abu na iya karɓe kayansa duk ranar da ya so. Na biyun shi ne mallaka.

Asali

Linus Torvalds ya fara Linux a 1991, a 1996 kuma Larry Ewing ya zana Tux, tsuntsun ƙanƙaran nan mai fari da baƙi da ya zama tambarinta. A shekarar ce ɗalibai uku na Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak suka saki Freeciv, wasan kafa daula tun daga ƙauye har zamanin jiragen sama. Kamfanin id Software ma ya taimaka ƙwarai da ya saki rubutun Doom a 1997 da na Quake a 1999. Daga wannan tsatson aka samu wasannin harbi irin su Xonotic.

Fitattu daga cikinsu

SuperTuxKart tseren ƙananan motoci ne, direbobinsa kuwa tamburan buɗaɗɗun manhajoji ne, kamar Tux da Wilber na GIMP, manhajar gyaran hoto. Fitowarsa ta 1.0 a 2019 ta zo da damar yin tsere da wasu ta intanet ko ta kwamfutocin da aka haɗa a ɗaki guda.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne Battle for Wesnoth, da David White ya fara a 2003. Ba wasan saurin yatsa ba ne. Bi da bi ake yinsa kamar dara, a kan fili mai gidaje masu kusurwa shida, kuma kowane gida da halinsa. Mayaƙin da ya saba da daji yana da wuyar sara idan ya laɓe cikin itatuwa, amma da ya shiga ruwa ya zama nama. Lokaci ma yana juyawa daga asuba zuwa dare: wasu rundunoni ƙarfin bugunsu na ƙaruwa da kashi 25 cikin 100 da rana ya ragu da dare, wasu kuma akasin haka. Saboda haka gwani yakan ja da baya da magariba, ya riƙe ƙauyukan da ke ba shi zinariya suna warkar da masu rauni, ya jira gari ya waye kafin ya afka. Duk wanda ya taɓa zama gefen dattawa masu dara a gindin bedi a Katsina zai gane wannan haƙurin.

Shi kuwa 0 A.D. na ƙungiyar Wildfire Games, wanda aka buɗe rubutunsa a 2009, yaƙin daulolin da ne. Abin da ya sa ya shiga rai shi ne bai manta da Afirka ba: akwai Kartaj ta ƙasar Tunisiya ta yau, akwai kuma Kush ta Sudan, wadda aka ƙara a 2018, har da gine-ginenta na dala. Ya ɗan fi sauran cin ƙarfin na'ura.

OpenTTD, da ya fito a 2004, na shimfiɗa layin dogo ne da tsara jigilar kaya da fasinja don a ci riba. Ɗalibin Jami'ar Sufuri ta Daura zai tarar da matsalar sigina da cunkoson tasha a ciki, a daidai lokacin da ake aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa Daura da Katsina. Luanti, wanda har zuwa 2024 sunansa Minetest, gini ne da tubala. Ga yara kuma akwai GCompris na Bruno Coudoin, tun 2000, mai koyar da ƙirga da haruffa da riƙon linzamin kwamfuta.

Amfaninsu a Katsina da Daura

Kwamfutar da ta fi yawa a hannun ɗalibai ta hannu ce, wadda ta sha jiki kafin ta iso. Irin wannan na'ura takan numfasa idan aka ɗora mata Linux mai sauƙi kamar Lubuntu, kuma Wesnoth da Freeciv da OpenTTD ba sa neman abin da ya fi ƙarfinta. Galibinsu suna cikin rumbun manhajoji na nau'o'in Linux irin su Debian da Ubuntu, umarni ɗaya ya isa a saka su. Da an sauke sau ɗaya an gama da zancen data: ba talla, ba sayen tsabar bogi a cikin wasa, kuma tura wa aboki ta filash halal ne, ba satar fasaha ba. Ƙananan kwamfutoci huɗu da na'urar haɗa su sun isa a yi gasar SuperTuxKart a shago ko da babu sabis.

Suna da rauninsu, bai kamata a ɓoye ba. Zanensu bai kai na manyan wasannin kasuwa ba, kuma ƙwallon ƙafa, wadda ita ce ke cika gidajen gem da yamma, nan ne suka fi rauni. Aikin sa kai ne, shi ya sa sabuwar fitowa kan yi nawa.

Harshe ma a buɗe yake. Kalmomin da ke bayyana a allo ana ajiye su a fayil dabam, 'yan sa kai ne ke fassara su jimla bayan jimla, ba sai sun iya rubuta manhaja ba. Malamin Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ɗalibansa za su iya ɗaukar GCompris su mayar da umarninsa Hausa, har su naɗi muryoyin da yaro ɗan aji ɗaya zai ji idan ya danna harafi.